Karayar ƙashin baya: wane sukuru za a sa, kuma don me? Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa jinyar mai karayar baya ya san wannan lokaci: likita ya ɗaga hoto ya ce sai an yi aiki, sannan a miƙo wa 'yan uwa takarda, sukuru kaza, sandar ƙarfe kaza, kuɗinsu kaza. Daga nan sai hankali ya tashi, kowa ya kawo tasa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin masu jinya. Maganar ta shafi karayar tsakiyar baya ce da ƙugu. Karayar wuya tana da nata ƙarafan dabam.

1. Wane irin sukuru ne wannan, kuma a ina yake shiga?

Ƙashin baya jerin ƙasusuwa ne da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sai waɗanda suka manne da juna a can ƙasa. Kowane ɗaya yana da dunƙulen ƙashi ta gaba, shi ke ɗaukar nauyin jiki, da kuma zobe ta baya, inda laka ke wucewa. Abin da ya haɗa dunƙulen da zoben wasu gajerun ginshiƙai ne guda biyu, dama da hagu, likitoci na ce musu fedikil. Ƙanana ne, amma ƙashinsu ya fi na sauran wurin tauri.

Ta cikin wannan ginshiƙi ake murɗa sukurun, daga baya zuwa gaba, har ya nutse cikin dunƙulen. Kansa yana da tsaga inda sandar ƙarfe ke kwanciya, sai a ɗaure ta da ɗan noti. Sanda ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Wani likitan Faransa, Raymond Roy-Camille, shi ne ya fara amfani da wannan hanya sosai tun 1963. Kafin ta yaɗu, sandunan Harrington masu ƙugiya ake sawa, waɗanda sai sun kama dogon yanki na baya kafin su riƙe, kuma ƙugiyar kan zame.

2. Duk wanda ya karye a baya sai an sa masa ƙarfe?

A'a, ko kusa. Da yawa suna warkewa da hutu, da rigar baya mai tauri, da maganin ciwo, cikin kamar wata uku. Abu uku likita ke dubawa. Na farko, yadda ƙashin ya karye: ya ɗan lotse ne ta gaba, ko ya tarwatse har ɓarɓashinsa ya shiga hanyar laka, ko kuwa baya ya goce, sama ya bar ƙasa. Na biyu, jijiyoyin ɗauri na baya, waɗanda ke riƙe ƙasusuwan kamar igiya, sun tsinke ko suna nan. Na uku, an taɓa laka ko ba a taɓa ba.

Akwai ma'aunin da aka fitar a 2005 mai suna TLICS, wanda ke ba waɗannan abubuwa uku maki. Maki 3 ko ƙasa, yawanci ba a yin tiyata. Maki 5 ko sama, ana yi. Maki 4 kuwa sai likita ya auna da sauran halin mara lafiya. In kun ga an rubuta A, B ko C tare da lamba, wannan rabe-raben AO ne, wata ƙungiyar likitocin ƙashi ta duniya: A lotsewa ko tarwatsewa, B tsinkewar ɗauri, C gocewa. Kusan duk mai C sai an yi masa aiki.

Za ku lura sunayen T12 (ƙashi na 12 a bayan ƙirji) da L1 (ƙashi na farko a ƙugu) sun fi yawa a takardun marasa lafiya. Nan ne bayan ƙirji, wanda haƙarƙari ya tokare, ya haɗu da ƙugu mai lanƙwasuwa. Wanda ya faɗo daga bishiyar mangwaro ko kan gini, ko ya rufta rijiya, ko mota ta kife da shi, a wannan mahaɗa ƙarfin bugun ke taruwa.

3. Idan an sa sukurun, ƙafafunsa za su dawo?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma gara a faɗi gaskiya tun farko. Sukuru ƙashi yake riƙewa, ba ya gyara laka. Abin da tiyata ke iyawa shi ne ta ɗauke ƙashin da ya danne laka, ta miƙe baya, ta hana motsin da zai ƙara ɓarna. Dawowar ƙafafu ta dogara ne da girman raunin da laka ta samu tun lokacin hatsari. Likitoci na auna shi da haruffa daga A zuwa E, waɗanda dabam suke da na AO da ke tambaya ta 2. Mai A ba ya jin komai, ba ya motsa komai a ƙasan rauni, kuma wannan ba kasafai yake komawa tafiya ba. Wanda yake da sauran ji ko motsi, ko da na ɗan yatsa ne, ko yana jin taɓi a wajen dubura, nasa fatan ya fi yawa, kuma shi ne gaggawar aiki ta fi amfana.

Ko ga wanda ƙafafun ba za su dawo ba, aikin yana da amfani babba. Baya da aka ɗaure yana ba shi damar zama cikin 'yan kwanaki maimakon watanni a kwance. Kwanciyar nan ita ke kawo gyambon baya, da ciwon huhu, da daskarewar jini a ƙafa, kuma su ne ke kashe mutane da yawa, ba karayar kanta ba.

Ina roƙonku da abu ɗaya. Wanda ake zaton ya karye a baya, kada a zaunar da shi, kada a ɗauke shi hannu da ƙafa kamar buhu, kada a naɗe shi a bayan babur. A mirgina shi gaba ɗaya kan katako ko ƙyauren ɗaki, kai da ƙugu a layi guda. Masu ɗori suna da matsayinsu a cikin al'umma, amma jan baya ko danna shi na iya tura ɓarɓashin ƙashi cikin laka, mutumin da ya zo yana motsa ƙafa ya koma ba ya yi.

4. Likita ya ce akwai mai kafaffen kai da mai juyawa. Mene ne bambancinsu?

Mai kafaffen kai, wanda suke kira monoaksiyal, kansa da jikinsa ƙarfe guda ne, ba gaɓa a tsakani. Inda jikin ya dosa, nan kan ya dosa. Mai juyawa, wato foliyaksiyal, kansa yana zaune ne kan wani ɗan ƙwallo, yana karkata ta kowane gefe har sai an ɗaure noti ya kafe. Akwai na uku a tsakaninsu, wanda ke karkata dama da hagu kawai, amma ba ya sunkuyawa sama ko ƙasa.

An ƙirƙiro mai juyawa ne don sauƙaƙa ɗora sanda. Ginshiƙan baya ba su jeru a layi kamar turakun shinge ba, kowane da inda ya fuskanta. In kawunan ba sa motsi, sai an lanƙwasa sanda daidai wa daida, in ba haka ba a tilasta ta, tilastawar kuma na iya sassauta sukuru a cikin ƙashi tun ba a fita ɗakin tiyata ba.

5. To wanne ya fi dacewa da karaya?

A nan ne likitocin kansu suke muhawara. Aikin karaya ba riƙewa kaɗai ba ne. Ƙashin da ya lotse ta gaba yana sa baya ya rusuna, ya yi doro, don haka ana so a ɗaga shi a maido da tsayinsa. Mai kafaffen kai ya fi iya wannan, domin yana aiki kamar ƙarfen da ake ɓamɓare dutse da shi: in an danna kansa aka daidaita shi da sanda, ƙashin da yake ciki dole ya biyo. Ana buɗe tsakanin na sama da na ƙasa, sai wata doguwar jijiyar ɗauri da ke bin bayan dunƙulen ta miƙe, ta tura ɓarɓashin da ya shiga hanyar laka ya koma gaba. Wannan dabara tana ci ne in jijiyar ba ta tsinke ba, kuma in an yi aikin cikin kwanakin farko. Bayan sati biyu ko uku ƙashi ya fara kamawa a karkace, ba ya biyowa da sauƙi. Wannan ma dalili ne na gudun jinkiri.

Mai juyawa yana da rauni a gaɓar nan ta ƙwallo. Gwaje-gwajen da ake yi wa ƙarafan sun nuna cewa in nauyi ya yi yawa, nan ne ke fara zamewa. Shi ya sa idan aka kwatanta hotunan marasa lafiya bayan watanni, waɗanda aka sa wa mai kafaffen kai sukan fi riƙe miƙewar da aka yi musu. Sai dai bambancin da ake gani a hoto bai cika bayyana a jikin mutum ba: wajen ciwo da komawa aiki, ɓangarorin biyu ba su yi nisa da juna ba.

A ganina, ga matashi mai ƙashi mai ƙarfi, da sabuwar karaya a T12 ko L1 wadda ta lotse sosai, kuma ana son gajeren ɗauri, mai kafaffen kai ko na Schanz (tambaya ta 6) ya fi hujja. In ɗaurin dogo ne, ko baya ya goce, ko ƙashin ba shi da ƙwari, mai juyawa ya fi aminci, domin mai kafaffen kai yana iya yanka ƙashi mai taushi in an matsa masa. Likitoci da yawa ma haɗawa suke yi a aiki ɗaya. Kuma hannun da ya saba da kaya ya fi kayan da hannu bai saba da su ba.

6. Shi kuma na Schanz fa?

Dogon sukuru ne marar kai, mai sunan wani likitan ƙashi na Jamus, Alfred Schanz. Idan an murɗa shi, doguwar jelarsa tana fitowa waje, likita ya kama ta kamar mariƙin garma ya ɗaga ƙashin yadda yake so, ya ɗaure da maƙala a jikin sanda, sannan ya datse abin da ya yi saura. A Suwizalan aka gina wannan tsari: Friedrich Magerl ya fara da na waje a 1977, Walter Dick ya mayar da shi cikin jiki a farkon shekarun 1980. Don karaya musamman aka yi shi, kuma har yau yana cikin mafi ƙarfi wajen miƙe doro. Maƙalarsa dai tana da ɗan tudu, siririn mutum yakan ji ta a ƙarƙashin fata.

7. Guda nawa za a sa? Wani an sa masa huɗu, namu an rubuta takwas.

Huɗu shi ne gajeren ɗauri: biyu a ƙashin da ke saman karaya, biyu a na ƙasa. Takwas shi ne dogo: ƙasusuwa biyu sama, biyu ƙasa. Gajere yana barin baya ya ci gaba da lanƙwasuwa, jini kaɗan ake zubarwa, kuɗinsa ma ƙasa. Amma in dunƙulen ƙashin ya rugurguje har ba ya ɗaukar nauyi, duk nauyin jiki sai ya koma kan sukuru huɗun nan, su lanƙwashe ko su karye. McCormack da abokan aikinsa sun nuna haka a 1994, suka fitar da ma'auni na yawan rugujewa, da watsewar ɓarɓashi, da girman doro. Mai maki 7 ko sama, gajeren ɗauri shi kaɗai yana da hatsari.

Saboda haka takwas ba almubazzaranci ba ne. Ana zaɓarsa in baya ya goce, ko ƙashi ya tarwatse ƙwarai, ko mara lafiya tsoho ne, ko karayar tana can sama a bayan ƙirji inda dama motsi kaɗan ne, ba a rasa komai da dogon ɗauri. A ƙasan ƙugu kuwa, inda kowace gaɓa ke da amfani wajen sunkuyo, ana ƙoƙarin gajartawa. Wani lokaci maimakon tsawaitawa sai a tokare ta gaba da wani ɗan kejin ƙarfe a gurbin ƙashin da ya ruguje, amma wannan babban aiki ne.

8. An ce za a sa sukuru a cikin ƙashin da ya karye shi kansa. Ba zai ƙara fasa shi ba?

A mafi yawan karaya, dunƙulen ne ke fashewa, ginshiƙan biyu suna nan lafiya. In hoton CT, wanda ke nuna ƙashi yanki-yanki, ya tabbatar da haka, sa musu sukuru yana mayar da huɗu su zama shida, ya tallafi tsakiyar sanda, ya rage wa na sama da na ƙasa nauyi. Hanya ce ta samun ƙarfin da ya kusanci na dogon ɗauri ba tare da an kama ƙarin gaɓoɓi ba (dubi tambaya ta 7). Waɗannan na tsakiya sukan zama gajeru don kada su shiga cikin ɓarɓashi, kuma sau da yawa masu juyawa ake zaɓa. In ginshiƙi ɗaya ya karye, sai a sa a ɗayan kawai, shi ya sa wasu ke ganin biyar a hotonsu.

9. Ta yaya ake sanin kauri da tsawon da ya dace?

Da awo a hoton CT, ƙashi bayan ƙashi. A ƙugu, kauri yakan kama daga milimita 6 zuwa 7.5, tsawo daga 40 zuwa 50. A saman bayan ƙirji ginshiƙan sun fi siranta, musamman wajen T4 zuwa T6, don haka ana sauka zuwa 4.5 ko 5. Sanduna yawanci milimita 5.5 ne ko 6.

Ana son sukuru ya kusa cika ginshiƙin, domin fiye da rabin riƙonsa daga nan yake fitowa, ba daga dunƙulen ba. In ya yi siriri zai kwance, in ya yi kauri zai fasa bango. Tsawo kuma ana tsayawa kafin a huda gaba, don babbar jijiyar jini da ta fito daga zuciya tana kwance a gaban ƙashin baya. Wannan ne ya sa ake kawo akwatin sukuru masu girma iri-iri ɗakin tiyata, kuma abin da aka rubuta muku tun farko yana iya ɗan sauyawa.

10. Da wane ƙarfe ake yin su? Zai yi tsatsa? Za a iya yi masa MRI daga baya?

Mafi yawa yanzu titaniyam ne da aka gauraya da ɗan alminiyam da banadiyam. Ba ya tsatsa a jiki, ƙashi yana karɓarsa, maganaɗisu ba ya jansa, don haka ana yin MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, da shi, sai dai a sanar da masu ɗaukar hoton. Na baƙin ƙarfe marar tsatsa ya fi araha kuma yana da ƙarfi, amma yana dagula hoton MRI har a kasa ganin laka a daidai wurin da ake son gani. Ga mai raunin laka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba a haɗa sukurun titaniyam da sandar baƙin ƙarfe a aiki ɗaya, don suna cin juna a hankali.

11. Mahaifiyarmu tsohuwa ce, an ce ƙashinta ba shi da ƙwari. Sukuru zai kama?

Damuwar tana kan hanya. Ƙashin da ya zaizaye kamar katakon da gara ta ci ne, kusa na shiga da sauƙi, tana fita da sauƙi. Ana auna shi da na'urar DEXA, kuma maki 2.5 ƙasa da sifili ko fiye shi ne zaizayar ƙashi. Ta fi kama mata bayan ɗaukewar al'ada. Tana kuma kama masu shan ƙwayoyi irin su deksametason na dogon lokaci, har da 'yan matan da ke shan su don ƙiba, waɗanda ba su san ƙashinsu suke ci ba.

Akwai dabaru. Ana ƙara yawan sukuru don a raba nauyi, ana zaɓar masu kauri, kuma akwai wani iri mai rami a ciki da ƙananan huji a baki. Bayan an murɗa shi sai a tura simintin ƙashi ta cikinsa, ya bazu a dunƙulen ya daskare, ya zama kamar tushen ginshiƙi a ƙasa mai yashi. Riƙonsa yana ƙaruwa sosai. Hatsarinsa shi ne siminti ya zurare zuwa hanyar laka, ko ya bi jijiyar jini ya kai huhu, don haka ana tura shi kaɗan-kaɗan ana kallo a na'ura. Cire irin wannan sukuru daga baya ma yana da wuya.

Ku tuna kuma, tsofaffi da yawa da ƙashinsu ya ɗan lotse ba sa buƙatar sukuru sam (tambaya ta 2). Kuma ko an yi aiki ko ba a yi ba, dole a yi maganin zaizayar kanta, in ba haka ba ƙashi na gaba ne zai lotse.

12. Gara a buɗe baya ko a sa ta ƙananan huji?

A aikin huji, ana yanka fata kaɗan a kan kowane sukuru, a bi waya a murɗa shi ana kallo a na'urar hoton ƙashi mai motsi, sannan a zura sanda ta ƙarƙashin nama. Ba a ɗaye naman baya daga ƙashi, don haka jini kaɗan ne, ciwo kaɗan, tashi da wuri. Ya dace da wanda lakarsa lafiya lau, ko wanda ya ji raunuka da yawa ba zai jure dogon aiki ba. Sukurun wannan hanya masu rami ne a tsakiya don waya ta wuce, sun fi tsada, kuma galibi masu juyawa ne saboda zura sanda a makance, ko da yake akwai masu kafaffen kai da aka yi don haka.

In ana buƙatar a buɗe hanyar laka a cire ƙashin da ya danne ta, ko a maido da bayan da ya goce, ko a dasa ƙashi don gaɓoɓin su manne har abada, buɗewa ce hanya. Ba koma-baya ba ce, kuma ita aka fi yi a asibitocinmu.

13. Sukurun ba zai taɓa laka ba?

Yana iya kaucewa, tunda tsakanin ginshiƙi da laka 'yan milimita ne. Amma ƙaramar kaucewa ta milimita ɗaya ko biyu ba ta cika jawo komai ba, kuma wadda ke taɓa jijiya har a sake aiki ba ta da yawa a hannun gwani. Likita yana lalube ramin da ɗan ƙarfe mai kan ƙwallo ya ji bango ta kowane gefe kafin ya murɗa, sannan ya duba a na'ura. In bayan aiki mara lafiya ya farka da sabon zafi mai harbawa zuwa ƙafa, ko sabon rauni, ko fitsari ya ƙi fita alhali da yana fita, a faɗa nan take, kada a bari sai zagayen safe.

14. An ce ba hatsari ne ya karya shi ba, tarin fuka ne ya ci ƙashin. Zaɓin ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne. Tarin fuka na ƙashin baya ya yawaita a ƙasashenmu, kuma asalin maganinsa ƙwayoyi ne na watanni masu yawa. Ana sa ƙarfe ne in baya yana rushewa ko laka ta matsu, kuma ana tsallake ƙasusuwan da cutar ta ci a kama masu lafiya, da titaniyam. In ciwon daji ne ya ci ƙashin, ana yin dogon ɗauri, sau da yawa da siminti, tunda ba a sa ran ƙashin zai haɗe da kansa. Akwai kuma masu cutar da ke manne gaɓoɓin baya su zama sanda guda. Nasu yakan karye gaba ɗaya kamar rake, ko da ƙaramar faɗuwa, kuma akan kama ƙasusuwa uku sama, uku ƙasa.

15. An ba mu zaɓi tsakanin mai tsada da mai araha. Mai tsadar ya fi?

Ba lallai ba. Manyan kamfanoni irin su Medtronic da DePuy Synthes kayansu sun sha gwaji, kayan aikin ɗaura su ma sun fi daɗin hannu. Amma ana yin masu inganci a Indiya, Sin da Turkiyya, kuma da su ake yi wa mutane da yawa aiki lafiya. Abin dubawa shi ne kayan su zama masu rajista, a Najeriya hukumar NAFDAC ce ke da wannan alhaki, su zo da suna da lambar ƙira, kuma sukuru da sanda da noti duk su fito daga tsari ɗaya, don na wannan kamfani ba ya ɗaure na wancan daidai. Kada a yarda da ƙarfen da aka ciro daga jikin wani. Ko ya yi ƙyalli, ya riga ya gaji a ciki.

Inda nake jin tsoro shi ne ragin adadi. Iyali sun sayar da gona ko shanu, kuɗi bai kai ba, sai a roƙi likita ya sa huɗu a inda ya ce takwas. Gara takwas masu araha masu rajista da huɗu masu tsada a karayar da ke buƙatar takwas, domin aiki na biyu ya fi na farko tsada da wahala. Ku gaya wa likita ƙarfinku ba kunya, ku nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, in kuma akwai inshorar lafiya a tambayi abin da take ɗauka tun kafin ranar aiki. Likitocin ƙashi da na ƙwaƙwalwa da laka duk suna yin wannan aiki, a wurare irin su Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano, da Shika a Zariya, da asibitin koyarwa na Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja.

16. Yana iya karyewa ko ya kwance a ciki?

Yana iyawa. Ƙarfen nan tsere yake yi da ƙashi: in ƙashi ya haɗe da wuri, ƙarfe ya huta. In bai haɗe ba, lanƙwasuwar yau da gobe za ta gajiyar da shi, kamar wayar da ake ta lanƙwasawa har ta tsinke. Abubuwan da ke sa ƙarfe ya faɗi a tseren su ne shan taba, ciwon sukari da ba a kula da shi ba, ƙarancin abinci mai gina jiki, ƙwayar cuta a wurin aikin, da ɗaukar kaya tun lokaci bai yi ba. Alamunsa ciwo ne da ya dawo bayan ya lafa, ko doro da ke ƙaruwa, ko tudu a ƙarƙashin fata, ko ruwa na fita daga tabo. Idan an ga karyayyen sukuru a hoto bayan ƙashi ya riga ya haɗe kuma ba ciwo, sau da yawa ana ƙyale shi.

17. Za a cire su wata rana?

In an dasa ƙashi gaɓoɓin suka manne, ba dole ba ne, mutane na rayuwa da su har tsufa. In riƙewa kawai aka yi ba a manne ba, kamar yadda aka saba a aikin huji (tambaya ta 12), akan cire wa matasa bayan kamar shekara guda, idan CT ya nuna ƙashi ya haɗe, don gaɓoɓin su dawo da motsinsu kafin ƙarfe ya gaji. Ga tsoho mai siminti, barinsu ya fi.

18. Yaya salla, da noma, da lokacin sanyi?

A watannin farko ana hana sunkuyo, da murɗa jiki, da ɗaukar nauyi. Addini ya sauƙaƙa: a hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, an ce a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Bayan ƙashi ya haɗe, mafi yawan waɗanda aka yi wa gajeren ɗauri a T12 ko L1 suna komawa ruku'u da sujada, domin yawancin sunkuyo daga kwatangwalo da ƙasan ƙugu yake fitowa. Noma, dako da hawa babur a hanya mai gargada su ne na ƙarshen dawowa, sai likita ya ga hoto ya ba da izini. Masu gashin ƙashi su ne abokan wannan tafiya, kada a yanke zuwa wurinsu don ciwo ya lafa.

Wasu na jin baya ya riƙe da hunturu. Ƙarfen yana can ciki da ɗumin jiki, ba ya yin sanyi. Naman da aka yanka ne da tabo ke ɗaurewa, kuma motsa jiki da ɗumama wurin na taimakawa.

19. Me za mu tambaya kafin mu sa hannu, kuma me za mu ajiye?

Ku tambayi wane ƙashi ne ya karye da irin karayar, da harafin raunin laka in akwai. Ku tambayi manufar aikin: riƙewa ce kawai, ko miƙe doro, ko buɗe wa laka hanya. Sukuru nawa, daga wane ƙashi zuwa wane, masu kafaffen kai ko masu juyawa, kuma don me aka zaɓe su ga wannan mara lafiya. Za a manne gaɓoɓin ko za a cire ƙarfen daga baya. Likitan da ya tsara aikinsa zai amsa waɗannan cikin 'yan mintuna, yana nuna muku a hoto.

Ranar sallama ku nemi a rubuta muku sunan kamfanin, da sunan tsarin, da irin ƙarfen, da kaurin sanda. Kowane kamfani da irin bakin notinsa, kuma in bayan shekara biyar aka buƙaci cirewa ko gyara a wani asibiti, wannan takarda ce za ta sa a tanadi abin kwancewa da ya dace. Ku ɗauki hotonta da waya, ku haɗa ta da faifan CT na kafin aiki da hoton farko na bayan aiki a jaka ɗaya, ku riƙa zuwa da su duk ranar ganin likita.